Jirin tsayuwa bayan zazzaɓi: gishiri, ɗamara, ƙwaya ko ƙarin ruwa, wanne ya cancanci kuɗinki?

A raka'a ta biyu ta sallar asham, a azumin 2022 da ya faɗo cikin zafin Afrilu, na tabbatar abin da ke damuna ba lalaci ba ne. Liman bai yi nisa da karatu ba zuciyata ta hau dukan tara-tara, kunnuwana suka toshe, hijaban matan sahun gaba suka koma dishi-dishi. Na sulale na zauna. Kafin a yi ruku'u komai ya lafa, kamar an yi ruwa an ɗauke. Wata huɗu ke nan da tashina daga wani zazzaɓi mai mura da tari, wanda ya ɗauke mini jin ƙamshi har mako biyu. Zazzaɓin ya tafi ya bar mini wasiyya: in ina kwance lafiyata lau, in na yi minti biyar a tsaye na zama majinyaciya. Ga shi ni malamar makaranta ce, abincina a gaban allo yake.

Tsakanin wannan dare da ranar da aka sa wa ciwon suna, an yi mini maganin taifot sau uku, na shanye kwalaben maganin ƙarin jini har na daina ƙirga, an ɗaura mini ruwa, an yi mini tofi. Kowa da shawararsa, aljihu kuma guda ne. Don haka na zauna na jera hanyoyin da ake bi, wanda na gwada da wanda likitana ya warware mini. Zan riƙa cewa "ki" saboda yawancin masu wannan lalura mata ne, tsakanin budurci da shekara hamsin. Namiji ya ɗauka har da shi ake.

Abin da ke faruwa a jiki

Duk lokacin da mutum ya miƙe, jini kamar rabin lita zuwa lita guda yana gangarawa ciki da ƙafafu. A mai lafiya, jijiyoyin nan da ke aiki ba da saninmu ba sai su tsuke hanyoyin jini nan take, jinin ya komo sama, shi ke nan. Bayan wasu cututtukan bairos, korona ko mura mai tsanani da makamantansu, wannan tsari yakan sukurkuce. Jini ya taru a ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ji an rage mata rabo, sai jiri, duhun ido, rawar jiki, kai ya yi dum ki kasa haɗa lissafi.

Fuska biyu aka fi gani. Ta farko, zuciya ce ke ta gudu don ta cike giɓi, awon jini kuma bai faɗi ba. Ita ake kira POTS, sunan da wasu likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Schondorf da Low, suka raɗa mata a 1993. Ke nan ta riga korona zuwa duniya. Korona, da ta shigo mana Kano a Afrilun 2020, yawan masu ita kawai ta ƙara. Fuska ta biyu, awon jinin ne da kansa yake zubewa in an tsaya. Bambancin yana da muhimmanci, domin ƙwayar da ke taimakon waccan tana iya kayar da wannan.

Kafin ki kashe ko sisi: awo

In akwai abu guda da zan ce ki saya ko ki aro yau, na'urar awon jini ce ta damtse, mai nuna bugun zuciya. Kusan kowace zuri'a akwai wani dattijo mai ita. Da safe, ki kwanta rigingine minti 10, a auna. Sai ki tashi ki jingina kafaɗunki da bango, dugaduganki sun ɗan yi gaba kamar taƙi guda, kada ki motsa ƙafa. A auna a minti na 1, na 3, na 5 da na 10. Lallai da wani a kusa, kuma in kin ji za ki faɗi ki zauna, ba jarrabawa ba ce. Ki maimaita kwana uku ko huɗu, ki rubuta.

In bugun zuciya ya ƙaru da 30 ko fiye a cikin minti 10 ya kuma zauna a haka, awon jini bai zube ba, alamar fuska ta farko ce. In lambar sama ta awon jini ta sauka da 20, ko ta ƙasa ta sauka da 10, a cikin minti 3, ta biyu ce. Nawa bugun 74 ne a kwance, a minti na biyar ya kai 118. Wannan 'yar takarda ce ta sauya yadda ake saurarona. Da can in na ce "jiri" sai a rubuta gwajin taifot. Ranar da na miƙa lambobi, likitan zuciya ya gyara zama ya ce, "Malama, tashi mu sake aunawa a gabana."

Takardar ba ta maye gurbin asibiti. Ƙarancin jini, ciwon sukari, matsalar ƙwayar maƙogwaro, maganin hawan jini mai sa fitsari, da ciwon zuciya na gaske, duk suna kawo irin wannan jiri, kuma kowanne maganinsa daban. Awon yawan jini, awon sukari da awon bugun zuciya na takarda su ne matakin farko. Akwai likitocin zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma ana iya farawa daga asibitin Murtala ko na Nassarawa a karɓo takardar turawa. Wadda ke da ciwon ƙirji, ko kumburin ƙafa, ko numfashinta ke sarƙewa in ta kwanta, ko ta taɓa suma tana cikin aiki, ta ajiye wannan rubutu ta tafi asibiti yau.

Ma'aunin da na bi

Abu huɗu na duba a kowace hanya. Kuɗi, kuma na raba na sayen farko da na kowane wata, domin ciwon nan ba na mako guda ba ne. Ɗorewa, wato sauƙin da aka samu na awa nawa ne ko wata nawa. Sauƙin bi a garin nan, da zafinmu da wutarmu da alwala biyar da azumi. Sai haɗari, da kuma wanda bai kamata ya kusanci hanyar ba sam.

Ruwa da gishiri

Nan kowane likita ke farawa, domin da yawa cikin masu lalurar ruwan jininsu bai cika ba. Ana so a sha lita 2 zuwa 3 a yini, wato ledar fiya wata 4 zuwa 6, a bazara kuma fiye. Amma ruwa zalla fitsari yake zama. Gishiri ke riƙe shi a jiki. Ga mai POTS da ba ta da hawan jini, likitoci kan kai gishirin yini har giram 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ƙasa da giram 5 ta ce wa sauran jama'a. Ƙaramin cokalin shayi a shafe yana ɗaukar kamar giram 5 zuwa 6. Ki tuna miyarmu ta riga ta sha dunƙule, ga yaji, ga kilishi, duk suna cikin lissafin.

Hanyar da ta fi mini sauƙi ita ce ledar ruwan gishiri da sukari da ake ba yara masu gudawa. Ta lita guda tana da gishiri giram 2.6, kuma ɗan sukarin da ke ciki yana taimaka wa hanji ya ja gishirin da ruwan tare. A duba jikin ledar, wasu na rabin lita ne. In babu, ana haɗawa a gida: rabin ƙaramin cokali na gishiri, shida na sukari, a ledar ruwa biyu. Akwai kuma wata 'yar dabara da nake yi kullum: kafin in sauko daga gado, ko kafin in shiga aji, sai in shanye ledar fiya wata guda a tashi ɗaya. Cikin 'yan mintuna tana ɗan ɗaga awon jini, ta riƙe ni kamar awa guda.

Kuɗi, a cikin hanyoyin da ake kashe wa kuɗi babu wadda ta kai ta araha. Ɗorewa, ta yini ce. Ranar da kika yi sakaci ranar jiki zai gaya miki. Wahalarta yawan zagaye, wanda malamar makaranta ko mai zama a shagon Kantin Kwari ta san ba ƙaramin abu ba ne.

Haɗarinta kuwa shi ne abin da ya sa na daɗe a nan. Saboda gishiri na kicin ne, sai a ɗauka ba magani ba ne. A garin da da wuya ka shiga gida ba ka tarar da mai hawan jini ba, kuma da yawa ba su ma sani ba, cika gishiri ba tare da awo ba ganganci ne. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya da mai ciki, wannan hanya ba tasu ba ce sai da bakin likita. Mai ciwon sukari kuma ta kula da sukarin da ke cikin haɗin.

Sai mai jego. Arewacin Najeriya na cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciyar da ke kama mata daf da haihuwa ko bayanta, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi zargin wankan jego da kunun kanwa suna da hannu. Alamominsa, bugun zuciya, kasala, haki, suna kama da namu kamar an tsaga kara. Mai jego da ta ji wannan ta ce bari ta ƙara gishiri, fetur ta zuba wa wuta. Ita kanwa ma ba madadin gishiri ba ce ga kowa. Surukata, Allah ya saka mata, ta taɓa aiko mini da kunun kanwa a fulas ta ce, "'Yar nan, ki sha, shi ke dawo da ƙarfin mace." Na ce, "Hajiya, na gode, Allah ya ƙara girma," yaran suka shanye. A gefe guda, zoɓo yana ɗan sauke awon jini, don haka wadda nata ke zubewa kada ta mai da shi ruwan shanta. Lemukan gwangwani masu sa kuzari kuwa zuciyar da ke gudu suke ƙara wa bulala.

Ɗamarar ciki da safa mai matsi

Tunda jini a ƙasa yake taruwa, sai a matse wurin daga waje. Kuskuren da na fara yi shi ne sayen safa mai tsayawa a gwiwa. Ashe mafi yawan jinin a ciki da cinyoyi yake kwanciya. Wani bincike da aka yi a Kalgari ta ƙasar Kanada, aka buga a 2021, ya nuna matsin da ya haɗa ciki da ƙafafu gaba ɗaya shi ya fi sauke bugun zuciya, na ciki da cinya ya biyo baya, na ƙwauri kaɗai kuwa amfaninsa kaɗan ne.

Zaɓi biyu ke nan. Safa doguwa har ƙugu, mai lambar matsi 20 zuwa 30 ko 30 zuwa 40, ita ce ta fi aiki a takarda. Daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala, robarta kan saki cikin wata 3 zuwa 6 in kullum ake sawa, kuma sai an auna ƙafa kafin a saya. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, a ƙarƙashin atamfa da hijabi, ba kowa ke iya jure ta ba. Ni ƙurajen zafi suka raba mu. Ga alwala: cire ta da mayar da ita kokawa ce da kanta ke sa haki. In za ki saya, nemi wadda ta tsaya a idon sawu ta bar tafin ƙafa a buɗe.

Ɗamarar ciki kuwa, irin mai faɗin nan da ake ba matan da aka yi wa aiki wajen haihuwa, tana nan a manyan kantunan magani da shagunan kayan asibiti, kuɗinta bai kama ƙafar na safar ba, ba ta taɓa alwala, kuma kina iya sassauta ta bayan cin abinci. Ana ɗaura ta a kwance kafin a tashi, a cire in za a kwanta. A ganina, ga mazauniyar Kano, ɗamara ta fi safa, ko da safar ta fi ta a ɗakin bincike, domin abin da za ki iya sawa kullum ya fi wanda ke ninke a durowa. Majanyi ma na ɗan yi in an tamke, sai dai kafin azahar ya saki. Mai ciki ba ta ɗaura ɗamara, kuma mai ciwon sukari da ƙafarta ta yi dindiris, ko mai toshewar jijiyoyin ƙafa, ta nemi izinin likita kafin safa.

Gyaran yini da motsa jiki a kwance

Wannan kyauta ne, kuma shi mutane suka fi rainawa. Kujera 'yar tsuguno a kicin da banɗaki. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, domin mai zafi buɗe hanyoyin jini yake. A raba abinci ƙanana-ƙanana, domin malmalar tuwo uku da rana tana janye jini zuwa hanji, daga nan sai kwanciya. A ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo, kamar santimita 10 zuwa 15; tara filo ba ya yin wannan aikin. In layi ya kama ki a banki ko asibiti, ki harɗe ƙafafu ki ɗaure tsokar cinya, ko ki tsuguna abinki. Tafiyar rana tsaka a bar ta. A yi kasuwa da sassafe.

Batun sallah ya fi komai tsaya mini a rai. Na daɗe ina jin kunyar zama a sahu, ni da ban kai arba'in ba, tsofaffi na tsaye. Malaminmu na islamiyya ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari, inda aka ce masa ya yi sallah a tsaye, in ba zai iya ba a zaune, in ba zai iya ba a kan gefensa. Ya ce, "Malama, rangwamen ba na tsofaffi kaɗai ba ne, na marar lafiya ne." Yanzu farilla nakan yi ta a tsaye in jiki ya yarda, in ɗago daga sujada a hankali, asham da tahajjud kuwa a zaune.

Motsa jiki yana da amfani na gaske, domin tsokar ƙafa famfo ce mai tura jini sama, kuma doguwar kwanciya tana ƙara lalata lamarin. Tsarin da aka fi sani, wanda aka gina a Dalas ta Amurka, na wata 3 ne, ana farawa a kwance ko a kishingiɗe, ɗaga ƙafa da tuƙa keke a zaune, kafin a kai ga tafiya. Sassan gashi da motsa jiki na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala suna da ma'aikatan da za su iya tsara miki. A cikin duk hanyoyin, wannan ce kaɗai amfaninta ke taruwa ya zauna.

Amma akwai rami a nan. Wasu masu doguwar jinya bayan bairos, in suka yi abin da ya fi ƙarfinsu, ba a ranar suke ji ba. Bayan awa 12 zuwa 48 jiki ke rushewa, kamar sabon zazzaɓi, ya ɗauki kwanaki. Irin waɗannan, matsa musu da atisaye baya yake mai da su. A Oktoban 2021 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta cire tsarin ƙara atisaye dole-dole daga maganin ciwon gajiya mai naci. Ki tambayi kanki: bayan yinin biki ko zagayen Sabon Gari, washegari ko jibi kina iya tashi? In a'a, taki hanyar ita ce auna ƙarfi, ki tsaya kafin ki gaji, ki raba aiki gida-gida. Masu cewa "daure ki motsa, kwanciya ce ke kashe ki" da kyakkyawar niyya suke faɗa, sai dai ba su ne za su kwanta kwana uku ba.

Ƙwayoyin asibiti

Babu ɗaya cikinsu da aka ƙera don POTS. Aro aka yi daga wasu cututtuka, kuma duka sai likita ya rubuta.

Propranolol tsohon magani ne, mai araha, ko'ina akwai. Kaɗan ake bayarwa, miligiram 10 zuwa 20, don ya rage gudun zuciya. Mai asma ba ta sha, wadda awon jininta ke ƙasa yana iya ƙara mata jiri, wasu kuma kasala yake ƙara musu. Shi nake sha ranakun da nake da darasi da yawa.

Ivabradine shi ma rage gudun zuciya yake, ba tare da ya taɓa awon jini ba, abin da ya sa ake son sa. Tsada ce matsalarsa, kuma ta kowane wata ce. An hana mai ciki da mai neman ciki. Wasu kan ga walƙiya-walƙiya a ido.

Fludrocortisone yana sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Yana zubar da sinadarin fotashiyam, don haka sai ana gwajin jini lokaci-lokaci, kuɗin gwajin ma a sa shi a lissafi. Yana iya kawo kumburi, ciwon kai da hawan jini. Wasu samfuransa firji suke so, a tambayi mai kantin tun kafin a biya, kowa ya san halin wutarmu.

Midodrine tsuke hanyoyin jini yake, ya fi dacewa da wadda awonta ke zubewa. Aikinsa kamar awa 4 ne, sau uku ake sha a yini, na ƙarshe aƙalla awa 4 kafin barci, kuma ba a sha a kwanta, domin jini na iya hawa sosai a kwance. Ke nan ban kwana da ƙailula. Yana sa tsikar kai tashi. Wata abokiyar jinyata ta sha yawo kafin ta same shi, daga ƙarshe sai oda aka yi mata. Duk wanda za a saya, a saya a kantin da ke da mai ilimin haɗa magani, a duba lambar NAFDAC, domin magani mai tsada da wuyar samu shi 'yan jabu suka fi so.

Ƙarin ruwa

Mu Kanawa muna da imani da leda a rataye. Gaskiya kuma tana aiki: lita guda ta ruwan gishiri a jijiya tana sa mai wannan ciwo ta ji kamar an sake ta, na 'yan awoyi zuwa kwana ɗaya ko biyu. Daga nan ƙoda ta fitar da shi, a koma gidan jiya. A wani ƙaramin asibiti na unguwarmu sau biyar ana ɗaura mini, kowane zuwa kuɗin gado da allura da leda, a tsiyaya wani ruwan bitamin ya koma ruwan ɗorawa don in ga an yi aiki. Ba wanda ya taɓa auna ni a tsaye. A zuwa na biyar sai da aka soke ni wuri huɗu kafin a sami jijiya. Da maigidan ya haɗa rasit-rasit ɗin, kuɗin sun isa sayen na'urar awo da ɗamara da ganin likitan zuciya, har da canji.

Ƙungiyar likitocin bugun zuciya ta Amurka, a matsayar da ta fitar a 2015, ta yarda da ƙarin ruwa don ceto na ɗan lokaci, amma ba ta goyi bayan a mai da shi na yau da gobe ba. Yawan huda yana kashe jijiya, yana buɗe ƙofar ƙwayoyin cuta, ga mai raunin zuciya kuma ruwa na iya taruwa a huhu. Wasu ledojin ma ruwan sukari ne zalla, babu gishirin da ake nema.

Maganin ƙarin jini da na gargajiya

In gwaji ya nuna ƙarancin jini, maganinsa dole ne kuma zai rage jirin. In bai nuna ba, kuɗi ne kawai ke tafiya. Addu'a da tofi ba su hana awo, ni ma ban bari ba. Jiƙe-jiƙen da ke sa gudawa ko yawan fitsari, irin na "wankin ciki" da "maganin shawara", ruwan jikin da ake lallaɓawa suke zubarwa.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewar amfani | Sauƙi a Kano | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ruwa da gishiri | Kaɗan, kullum | Na yini | Mai sauƙi, sai yawan fitsari | Hawan jini, ƙoda, zuciya, ciki, jego |
| Ɗamarar ciki | Matsakaici, sau ɗaya | Muddin tana jiki | Mai sauƙi | Mai ciki. Ƙwarnafi in an ci an ƙoshi |
| Safa har ƙugu | Mai yawa, ana sabuntawa | Muddin tana jiki | Wuya a bazara da alwala | Ciwon sukari, toshewar jijiya |
| Gyaran yini | Babu | Muddin ana bi | Sai da haɗin kan gida | Babu na kirki |
| Motsa jiki a kwance | Babu zuwa matsakaici | Mai zama | Haƙurin wata 3 | Rushewar jiki bayan aiki |
| Propranolol | Kaɗan | Awoyi | Ko'ina akwai | Asma, saukar awon jini |
| Ivabradine | Mai yawa, wata-wata | Awoyi | Manyan kantuna | Ciki |
| Fludrocortisone | Matsakaici, da gwaji | Muddin ana sha | Wani na son firji | Zubar fotashiyam, hawan jini |
| Midodrine | Mai yawa | Awa 4 | Wuyar samu | Hawan jini a kwance |
| Ƙarin ruwa | Mai yawa kowane zuwa | Awoyi zuwa kwana 2 | Sai an je an kwanta | Ƙwayar cuta, cikar ruwa |

Wa ya dace da me

Wadda zuciyarta ke gudu, awon jininta daidai ko ƙasa-ƙasa, aljihu kuma ba nauyi: ruwa da gishiri, ɗamara, gyaran yini. Ta ba su wata biyu tana rubuta awo kafin ta yi maganar ƙwaya. Da yawa a nan suke tsayawa.

Wadda sana'arta tsayuwa ce, malama, ma'aikaciyar jinya, mai tuyar ƙosai, ko ɗan kasuwa mai yini yana warware yadi: duk na sama, da doguwar kujera a wurin aiki, sannan a tattauna propranolol da likita. Ni sai da na cire kunya na roƙi shugaban makarantarmu ya mai da darussana na safe, kuma a zaune nake koyar da rabinsu. Mai asma, ko wadda propranolol ya kayar, ivabradine ne nata in da hali.

Wadda awon jininta ke zubewa har tana faɗuwa: a fara duba magungunan da take sha, musamman dattijai masu shan na hawan jini. Daga nan ɗamara ko safa, ɗaga kan gado, sai midodrine ko fludrocortisone a hannun likita.

Mai hawan jini da jirin tsayuwa tare: gishiri, fludrocortisone da midodrine ta bar su sai likita ya ce. Ruwa, ɗamara da gyaran yini su ne nata.

Wadda jikinta ke rushewa kwana ɗaya ko biyu bayan aiki: auna ƙarfi kafin komai, motsa jiki kuwa sai iya abin da bai tayar da ciwon ba, ko da ɗaga ƙafa ne sau biyar a kan gado.

Wadda amai ko gudawa ya hana ta riƙe ruwa a ciki, ta kasa ko zama: nan ne wurin ƙarin ruwa, a asibiti, sau ɗaya.

Mai azumi ta zauna da likita da malami tun cikin Sha'aban, a tsara sahur da lokutan ƙwaya, ko a yanke cewa bana sai ramuwa. Na 2022 ban iya kai shi ba, a hunturu na rama, lokacin da yini ya gajarta kuma ba gumi.

Mai ciki da mai jego kuwa, babu layinsu a teburin nan. Su je a yi musu hoton zuciya tukuna.